Abin da Ya Kwantar da Baffa

A Kademi, kamar sauran garuruwan ƙasar Gaya da Ajingi, zazzaɓin kaka ba labari ba ne. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ya kwanta a kududdufai sauro ya samu wurin zama, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da mai kwance ba. Shi ya sa da aka ce Baffa, ƙanen mahaifina, ya dawo daga gona yana rawar sanyi, ba wanda hankalinsa ya tashi. An gama girbin gero, ana cirar gyaɗa, dawa ta fara nuna. Baffa ya haura sittin, amma shi ne kullum a gaba idan aka shiga kunya, kuma mutum ne da bai iya kwanciya ba.

Aka ɗora shi a babur aka kai shi kemis. Mai kemis ya soki ɗan yatsansa, ya ɗiga jini a ɗan farin faifan gwajin nan, layi biyu suka fito. Magana ta ƙare, zazzaɓin cizon sauro ne. Aka ba shi ƙwayoyin nan guda 24 da ake sha huɗu da safe huɗu da dare har kwana 3, aka haɗa masa da farasitamol. Ya shanye su tas, zazzaɓi ko gezau.

A ƙasarmu idan maleriya ta ƙi jin magani, sai a canza mata suna a ce taifot. Aka sake ɗibar jini, aka kai wani ɗakin gwaji, takarda ta dawo da 'yan lambobi, mai karantawa ya ce akwai taifot kaɗan. Aka sayo kafso. Baffa ya fara sha, yana amai, yana sake sha.

Sai al'amari ya sauya kama. Inna, uwargidansa, ta ce cikin dare ya tashi ya ce a ba shi ruwa zai yi alwalar azahar. Da gari ya waye ya kira jikansa da sunan wansa da ya rasu shekaru da yawa. Ya yi ta faɗa a je a ɗaure jaki, alhali jakin an sayar da shi tun kafin a haifi yaron. Kuma a daidai wannan lokaci zazzaɓin ya sauka. Jikin da yake kamar garwashi ya koma sanyi ƙalau, har da ɗan gumi. Mata suka yi hamdala, suka ce cuta ta fita, saura abin da ya taɓa masa kai. A nan ne gida ya rabu biyu. Wasu suka ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. Wasu suka tuna cewa da damina an yi 'yar sa-in-sa tsakaninsa da wani maƙwabcin gona a kan iyaka. Wata gwaggonmu ta faɗa a fili, ba ta ko rage murya ba: "Ya taka abu ne. An binne masa a hanyar gona, ya taka."

Ban ga abin dariya a maganarta ba. Idan ƙaƙƙarfan mutum ya zube cikin mako guda ba tare da an ga dalili ba, zuciya takan nemi dalili mai girma daidai da girman masifar. Turawa ma sun yi haka. A Nuwamba 1922 wani Bature mai suna Howard Carter ya gano kabarin Tutankhamun, ɗaya daga cikin fir'aunonin Masar, da kuɗin wani attajirin Ingila, Lord Carnarvon. Watanni kaɗan bayan an buɗe kabarin, ranar 5 ga Afrilu 1923, Carnarvon ya mutu a Alƙahira yana da shekara 56. Jaridun Turai da Amurka suka cika duniya da cewa tsinuwar Fir'auna ce ta kama shi. Abin da ya faru kuwa, sauro ne ya cije shi a kunci, ya zo aske gemu reza ta yanke wurin, wurin ya ruru, gubar ta bi jini, huhu ya kamu. Carter, wanda shi ne ya fi kowa daɗewa a cikin kabarin, bai mutu ba sai 1939. Har yau labarin tsinuwar ya fi labarin rezar farin jini.

Wanda ya warware mana ƙullin wani abokin Baffa ne tun na ƙuruciya, tsohon malamin jinya da ya yi ritaya ya dawo gida. Kowa Likita yake ce masa, ko da yake shi da bakinsa yakan ce bai kai nan ba. Dubiya kawai ya zo yi bayan la'asar. Aka miƙo masa takardun gwaji da ledar magunguna, ya ajiye su gefe bai buɗe ba. Ya zauna a bakin tabarma, ya cire agogonsa ya riƙe, ya zuba wa ƙirjin Baffa ido, bai ce uffan ba har minti guda ya cika.

"Ashirin da takwas," in ji shi, kamar mai magana da kansa.

Ya kama wuyan hannu, ya sake duban agogo. Bugun ya haura 120 a minti, kuma siriri ne, da kyar ake jin sa. Ya aika gidansa aka ɗauko masa abin awon jini, ya ɗaura, ya matsa, ya saurara. Casa'in bisa sittin, ga mutumin da shi Likita ya sani da ɗan hawan jini. Daga nan ya juya wajen Inna, wadda ke tsaye a bakin ƙofa.

"Uwargida, yaushe rabon Malam da ya zaga?"

Inna ta sunkuyar da kai. Ta nuna butar da ke gindin bango, ta ce tun asuba ta cika ta, ga ta nan yadda ta ajiye. Ta ƙara da cewa ita har daɗi ta ji, mutumin da kullum sai ya tashi sau huɗu sau biyar cikin dare, jiya ko sau ɗaya bai fita ba. Likita ya ɗago ya dube ta kamar zai yi wata tambaya, sai ya fasa. Ya ce mini, "Ɗana, tashi ka nemo mota. Ba babur ba, mota. Yanzu."

Abin da ya gani cikin 'yan mintocin nan shi ne gubar jini, wadda likitoci ke kira sefsis. Yadda take aiki kuwa: ƙwayoyin cuta sukan kama wani wuri guda a jiki, huhu ko mafitsara ko ciki ko fata, jiki ya tashi yaƙarsu. Yawanci yaƙin yakan tsaya a wurin. Wani lokaci sai ya ƙwace, ya game jiki duka, ya zama kamar mutanen garin da ɓarawo ya shigar musu, suka yi ta cinna wa rumbunansu wuta domin su fito da shi. Jijiyoyin jini su saki, ruwa ya riƙa tsiyaya daga cikinsu zuwa tsoka, ƙarfin jini ya faɗi. Zuciya ta ƙara gudu domin ta cike giɓin. Jini ya yi tsami, huhu ya ƙara sauri domin ya rage tsamin. Ƙoda ta rasa jinin da za ta tace, fitsari ya ɗauke. Ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta, mutum ya fara kiran matattu. Saukar zazzaɓin da mata suka yi wa hamdala ita ce mafi muni a cikin alamun, domin jikin da ya yi sanyi alhali mai shi yana ƙara rikicewa, jiki ne da ya fara gazawa.

A 2016 ƙwararrun likitoci na Turai da Amurka suka ware alamu uku da za a iya dubawa a bakin gado ba tare da ɗakin gwaji ba: numfashi 22 ko fiye a minti, rikicewar hankali, da lambar sama ta awon jini 100 ko ƙasa. Duk mai wata cuta a jiki da ya haɗa biyu daga ciki, yana bakin hatsari. Ba su ne komai ba, ana iya samun mai gubar jini da bai nuna su ba tukuna, amma Baffa ya haɗa duka ukun. Biyu daga cikinsu ma ba sa bukatar komai sai agogo da sanin mutum. Kuma gubar jini ba baƙuwar cuta ba ce. Wani babban ƙiyasi da aka wallafa a 2020, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke kafa hujja da shi, ya nuna cewa a 2017 mutum kusan miliyan 49 suka kamu da ita, miliyan 11 suka mutu, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a duniya a shekarar. Kusan kashi 85 cikin 100 na masu kamuwar a ƙasashe irin namu suke. Sai dai a wurinmu ba a jin sunanta a bakin mutane. Sai a ce gajeriyar rashin lafiya.

Na tambaye shi, to layi biyun nan fa? Ya ce gwajin bai yi ƙarya ba, amsa ce ya bayar ga tambayar da ba ita ce a gabanmu ba. Da kaka, manya da yawa a karkara suna yawo da ƙwayar maleriya a jininsu ba tare da ta kwantar da su ba, kuma faifan yakan ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan an warke. Samun ta a jini bai nuna ita ce ta kayar da mutum ba. Gwajin taifot ɗin nan na Widal kuwa ya fi rauni, yakan nuna alama ga wanda ya taɓa yin cutar tun da daɗewa, har ma ga mai maleriya. Bai kore maleriya mai tsanani gaba ɗaya ba, domin ita ma tana juya hankali, kuma ita ma asibiti take bukata. Amma mutumin da ya shanye maganin maleriya cikakke yana ƙara lalacewa, dole a nemi wani abu daban.

Kafin mota ta zo, ya shiga neman ta inda cutar ta shiga. Ya tambayi ko Baffa yana tari, aka ce a'a. Ya kara kunne a bayansa, ya danna cikinsa, ya lanƙwasa wuyansa ya ga bai sanƙare ba, ya haska bakinsa da kunnuwansa. Ya tambayi ko akwai maruru, ko karkare, ko wani miki, ko ya je wajen wanzami kwanan nan. Kowa ya ce babu. Inna ta rantse babu ko ƙwarzane a jikinsa.

Sai ya ce kowa ya fita, ni kaɗai in tsaya in riƙe masa fitilar waya.

A nan na fahimci abin da ya ɓoye cutar duk tsawon kwanakin nan. Ba wanda ya taɓa kwaye wa Baffa riga. Ɗa ba zai yi ba, 'ya ba za ta yi ba, mai kemis sa'an jikansa ne, kuma shi kansa dattijo ba zai buɗe baki ya ce wani abu na damunsa a matsematsi ba. Kunya ado ce, amma a ɗakin majinyaci takan yi ɓarna. Likita abokin wasansa ne, tare aka yi musu kaciya, don haka bai tsaya neman izini ba. Ya sassauta mazugin wando, ya sa hannu a matsematsin hagu, babu komai. Ya koma na dama. Baffa, wanda tun safe bai san inda yake ba, ya zabura ya yi ƙara.

"Yauwa, mutumina," in ji Likita. "Ashe da sauran bakinka."

Kaluluwa ce, ta kumbura ta yi tauri. Kowane Bahaushe ya san kaluluwa, amma ba kowa ya san abin da take faɗa ba. Ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi da ke kwashe ruwan tsoka suna haurawa da shi, kuma a kan hanyar akwai 'yan ƙulluttai da ke tace shi. Na hammata suna tace abin da ya fito daga hannu da ƙirji, na wuya abin da ya fito daga kai da maƙogwaro, na matsematsi abin da ya fito daga ƙafa da al'aura. Idan ta tashi a dama ita kaɗai, to ka bi ƙafar dama ka gangara.

Littattafan da aka koyar da su Likita da su sun ce a nemi jan layi da ke tasowa daga ciwo yana haurawa sama. An rubuta su ne ana duban farar fata. A jikin Baffa babu wani ja da ido zai gani, balle da fitilar waya. Sai ya yi amfani da bayan hannunsa, yana taɓa cinyar dama yana taɓa ta hagu, yana sauka a hankali. Ta dama ta fi ɗumi ta ciki, duk da sanyin sauran jikin. A ƙwauri fatar ta ɗan yi sheƙi, ta fi 'yar'uwarta duhu, da ya danna da yatsa sai gurbin ya zauna bai taso ba. Ya jera ƙafafun biyu, sai ga shi idon sawun dama ya nutse cikin kumburi. Duk wanda ya shigo dubiya ya ga ƙafar nan. An ɗauka kumburin kwanciya ne.

Tafin ƙafar manomi kuwa duniya ce guda: kaushi, faso, tabon shekaru. Muka duba ba mu ga komai ba. Ya sa aka kawo ruwan ɗumi da sabulu, ya wanke ta sarai, ya goge, ya ce in matso da fitila. Ƙarƙashin tudun da ke bayan babban yatsa akwai wani ɗan baƙin ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba, kaushi ya riga ya rufe bakinsa. Ya danna gefensa da manyan yatsunsa biyu. Mugunya ta ɓullo, da wari.

Ya ce a kawo takalman da Baffa ke zuwa gona da su. Silifas ne na roba da suka sha jiki. Ya ɗaga na dama ya haska ta ƙasa, haske ya fito ta wani ɗan huji, daidai inda ɗigon yake.

Gwaggo ta yi gaskiya, ya taka abu. Saura a san mene ne, da kuma wanda ya taɓa wurin, domin a bakin ramin akwai alamar an yi tono. Likita ya fito tsakar gida ya yi tambaya cikin lallashi, ya ce ba faɗa zai yi ba. Can sai jikan nan, ɗan shekara goma sha, ya fashe da kuka. Ya ce ana saura kwanaki Baffa ya kwanta, sun dawo daga gona da yamma, shi ya ga jini a takalmin kakansa. Suka duba, ƙayar aduwa ce ta huda roba ta shige. Baffa ya ce bai ma san da ita ba. Ya ba shi allurar ɗinki ya ce ya cire. Ya ja, ƙayar ta karye, ya tona iya yinsa, Baffa ya ce ya bari haka nan, sauran za ta fito da kanta. Suka ɓare kafso mai ja da rawaya suka barbaɗa garin, suka danna toka a kai. Baffa ya ce kada ya gaya wa Inna, za ta hana shi zuwa cirar gyaɗa.

Yankan lauje mai faɗi, mai zubar da jini, ya fi ba da tsoro, amma sau da yawa ya fi irin wannan sauƙi, domin jini yakan wanko datti, kuma ana ganin cikinsa a wanke. Huji kuwa bakinsa ƙarami, cikinsa zurfi. Ƙaya ta tura ƙasa da taki da ɓarɓashin roba can ciki, ta bar tsininta, sama ta rufe. Muddin akwai baƙon abu a cikin tsoka, ko mugunya da ta taru ba ta da mafita, ba maganin da zai gama aiki sai an buɗe an fitar. Garin kafso da aka barbaɗa a baki bai isa inda cutar take ba. Wanda aka sha da sunan taifot ma ba a zaɓe shi domin ciwon ƙafa ba, rabinsa kuma amai ya dawo da shi. Wannan ɗabi'a tamu ta shan kafso biyu yau uku gobe tana da wani farashin da dukanmu muke biya. Tsakanin 2015 da 2018 an yi wani bincike mai suna BARNARDS a kan gubar jini ga jarirai a ƙasashe 7 na Afirka da Asiya, kuma Asibitin Murtala na Kano yana cikin wuraren da aka yi shi. An tarar da mafi yawan wani babban rukuni na ƙwayoyin da ke kama jariran ba sa jin ampisilin, maganin da aka daɗe ana farawa da shi.

Ga mutumin Kademi, matakin farko a irin wannan hali shi ne babban asibitin Gaya, idan abin ya fi ƙarfin nan a wuce Kano ta Wudil, ko Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Likita ya shiga motar da kansa, kuma da muka isa bai ce mun kawo mai zazzaɓi ba. Ya faɗi lambobin uku, ya ce ba fitsari tun daren jiya, ya nuna ƙafar. Wannan ya sa ba a ce mu bi layi ba. Aka sa ƙarin ruwa yana gudu, aka ɗibi jini, aka fara allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Ƙa'idar da likitocin duniya suka sabunta a 2021 ta ce idan jini ya faɗi irin haka, a fara wannan allura cikin awa guda, domin kowane jinkiri yana ƙara yawan waɗanda ba sa tashi. A daren aka tsaga tafin ƙafar, aka kwashe mugunya, aka fito da tsinin ƙaya da bai kai rabin gaɓar yatsa ba. Fitsari ya dawo washegari. Hankali ya biyo baya a hankali, abin da ya fara tambaya kuwa shi ne ko an kwashe gyaɗar da aka shanya.

An kuma yi masa alluran sarƙewar haƙora, wadda cuta ce daban da gubar jini amma ƙofarsu ɗaya. Mutanenmu sun ɗora laifinta a kan tsatsa. Ƙasar Gaya ƙasar ƙarfe ce tun fil azal, tarihin baka ma ya ce maƙeran Abagayawa daga Gaya suka tashi suka je Dala neman tama, don haka kowa a nan ya san tsoron tsohuwar ƙusa da guntun garma. Amma tsatsa ba ta haifar da cutar. Ƙwayar tana zaune ne a ƙasa da kashin dabbobi, wato a cikin takin da muke kai wa gona da hannunmu, kuma ƙaya ko tushiyar kara suna shigar da ita kamar yadda ƙusa ke yi. Takan ɗauki kwana 3 zuwa 21 kafin muƙamuƙi ya ƙi buɗuwa, wuya da baya su sanƙare. Yaran yanzu suna samun rigakafinta a allurar mako 6, 10 da 14, mata suna samu a wajen awon ciki. Shirin rigakafin yara na ƙasa kuwa sai ƙarshen shekarun 1970 ya fara, saboda haka magidanta sa'o'in Baffa, waɗanda su ne kullum ƙafarsu ke cikin taki, yawancinsu ba a taɓa yi musu ba.

A barandar asibiti na tambayi Likita, to kowace ƙaya sai a ɗauko mota? Ya yi dariya ya ce da haka ne da ba a yi noma ba. Yawancin ƙananan raunuka ruwa mai tsabta da sabulu sun ishe su, a wanke sosai, a rufe da tsumma mai tsabta, ban da toka, ban da ƙasa, ban da man birki da makanikai ke zubawa. Zafi da ɗan kumburi a kwana na farko da na biyu aikin jiki ne. Abin lura shi ne alkiblar da ciwon ya dosa: mai warkewa kullum raguwa yake, wanda ya kai kwana na uku yana ƙara zogi, yana ƙara faɗi, ya juya. Ya ce a sa biro a zagaye iyakar kumburin da dare, da safe a duba; idan ya tsallake layin, ko mugunya ta fito, ko wari, ko kaluluwa ta tashi, ko zazzaɓi ya shigo, ranar za a je asibiti, ba ranar kasuwa mai zuwa ba. Huji mai zurfi, abin da ya karye a ciki, da cizon kare ko na mutum, waɗannan tun ranar farko ake kai su. Haka mai sikila, da mai jego, da yaron da aka yi wa kaciya, da jaririn da cibiyarsa ke ruwa ko ya ƙi kama nono, ba a jira da su. Idan kuwa har numfashi ya yi sauri, magana ta rikice, fitsari ya ɗauke, ko jiki ya yi sanyi mai shi yana ƙara galabaita, ko tsakar dare ne a tashi mai mota.

Shi dai Likita akwai abin da bai bar shi ya huta ba. Ƙayar aduwa doguwa ce, mai tauri. Wanda ya taɓa taka ta ya san ba a yin taku na biyu. Ta yaya mutum zai wuni da ita a ƙafa, sai yaro ne zai ga jini ya gaya masa? Ta yaya tafin ƙafa zai tara mugunya har haka, mai shi yana zuwa gona bai ko ɗingisa ba, alhali da aka taɓa kaluluwar sai da ya yi ƙara?

Awon farko da aka yi a daren ya nuna suga ya hau sosai, amma wannan bai isa hujja ba, domin gubar jini da kanta takan ɗaga suga ko ga wanda ba shi da ciwon. Sai da ya samu sauƙi aka sake aunawa da safe kafin ya ci komai, ya wuce 126, iyakar da ake yanke hukunci da ita, nesa ba kusa ba. Aka yi wani gwajin da ke nuna matsakaicin sugan jini na kusan wata 3 da suka wuce, shi ma ya tabbatar. Aka sa ya rufe ido, ana taɓa tafin ƙafarsa da wani siririn zaren roba, ana cewa ya faɗa idan ya ji. A wurare da yawa bai ce komai ba, a ƙafafun biyu. Ciwon suga da ya daɗe ba a sani ba yakan cinye jijiyoyin ji tun daga yatsun ƙafa yana haurowa, ya rage jinin da ke isa can, ya kuma raunana ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Shi ya sa ƙayar ta shiga bai ji ba, ta zauna ba ta warke ba, ta bazu ba a tare ta ba.

Sai a lokacin Likita ya yi wa Inna tambayar da ya haɗiye ranar da ta nuna masa buta.

"Uwargida, kin ce Malam yakan tashi sau huɗu sau biyar da dare. Tun yaushe?"

Ta yi shiru tana lissafi. Ta ce tun kafin azumin bara, kuma tulu guda ba ya kai masa dare, ga rama, ita ta ɗauka wahalar gona ce da tsufa. Ta ɗan yi jim, sannan ta ce akwai ma wani abu, ba ta san ko yana da amfani ba. Kiyashi sun daɗe suna taruwa a makewayi, daidai inda yake tsugunawa. Ta sha yi wa yara faɗa, tana cewa su ne ke zubar da ɓawon rake a wurin.